ThinkPad T480 ta hannu a Banex: abin da ta fi sabuwar laftof mai araha da shi, da abin dubawa kafin a biya

Wanda ya shiga Banex Plaza a Wuse 2 da kuɗi daidai gwargwado yana neman laftof, galibi biyu za a ajiye masa a kan kanta. Ɗaya sabuwa dal a kwali, siririya, mai ƙyalli, a cikinta furosesa Celeron da RAM 4GB. Ɗayar baƙa ce, ta ɗan sha hannu, gefenta ya koɗe, mai shago zai ce maka "Landan yus" ce. Farashinsu ba ya cika nisa da juna, kuma ido sabuwar yake so. Amma ga ma'aikacin ofis, ko ɗalibin Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, ko lauya, ko akanta, ko mai shagon buga takardu, ko mai koyon rubuta manhaja, baƙar ce kayan aiki, musamman idan Lenovo ThinkPad T480 ce. Sharaɗin kawai shi ne a duba ta da kyau kafin kuɗi su bar hannu.

Kamfanonin kwamfuta layi biyu suke ƙerawa. Akwai na amfanin gida, irin su IdeaPad, Inspiron da Pavilion. Akwai kuma na ma'aikatu, wato ThinkPad, Latitude da EliteBook. Waɗannan na biyun bankuna da hukumomi da manyan kamfanoni ne ke sayensu ɗaruruwa a lokaci guda, su raba wa ma'aikata, bayan 'yan shekaru su kwashe su kawo sababbi. Waɗanda aka kwashe ɗin su ne ke biyo hanya zuwa Legas, da yawansu su bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja, su ƙaraso Abuja. Mai sayen kwamfuta dubu ba zai yarda da wadda za ta karye kafin shekara ba, kuma masu gyaransa suna son wadda za su buɗe su rufe cikin 'yan mintoci. Shi ya sa ƙirar ta bambanta tun daga masana'anta.

Hinji ne wurin da bambancin ya fi fitowa fili. A ƙananan laftof na gida, ana ɗaure hinjin ƙarfe da sukurori a cikin wasu 'yan zobban tagulla da aka dasa a roba mai laushi. Ƙura ta shiga hinjin ya yi tauri, duk buɗewa sai ya fizgi robar, wata rana zoben ya tumɓuko, kusurwar ta wage baki, daga nan wayar da ke kai hoto sikirin ta fara cinyewa. Masu gyara a Banex da Emab suna ganin wannan kullum, kuma gam ba ya riƙe shi na dogon lokaci. Jikin T480 roba ce da aka ƙarfafa da zaren gilashi, hinjinta biyu na ƙarfe suna buɗewa har ta kwanta shimfiɗe a kan tebur. Kibod ɗinta kuma shi kaɗai ake cirewa a sa wani, alhali a yawancin masu arahar an narka roba an manne shi da murfin sama, in maɓalli uku suka mutu sai an sayi murfin gaba ɗaya.

T480 ta fito a 2018. Wadda ya kamata a nema ita ce mai furosesa Core i5-8250U ko i5-8350U, zubi na takwas, ko janareshan na takwas kamar yadda 'yan kasuwa ke faɗa. Wannan zubin ne Intel ta ƙara wa irin waɗannan furosesoshin cibiyoyin aiki daga biyu zuwa huɗu, don haka tazarar da ke tsakanin na bakwai da na takwas babba ce, ba irin ƙarin da aka saba gani shekara-shekara ba. Akwai wani dalilin kuma. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 a hukumance daga zubi na takwas take karɓa, tare da guntun tsaro na TPM 2.0. T470 da sa'o'inta sun faɗi wannan jarabawar. Ana iya cusa musu Windows 11 ta bayan gida, shagunan da yawa ma haka suke yi, amma ba a da tabbacin za su ci gaba da samun sabuntawa. A kula, akwai T480 da aka ƙera da i5-7300U. Jikin ɗaya ne, sunan ɗaya ne, cikin ne na bakwai. Lambar farko bayan ɗan layin nan ita ce zubin: 8350 na takwas, 7300 na bakwai. Sitikar da aka rubuta Core i5 kawai ba ta faɗa maka komai.

Celeron N4020 da ke cikin sababbin masu araha cibiya biyu gare ta, RAM ɗin sau da yawa an like shi a jikin bod ba a iya ƙarawa, ma'ajiyar kuma eMMC ce mai 64GB ko 128GB, dangin katin waya. Windows 11 kanta mafi ƙarancin abin da take nema shi ne RAM 4GB da wuri 64GB. Ke nan na'urar tun ranar da aka ɓare ledarta a bakin iyakarta take. A buɗe Chrome da shafi goma, a haɗa da Zoom da Excel, sai ta fara ja da ƙafa.

A T480 ramukan RAM biyu ne, DDR4 irin na laftof, kuma Lenovo ta ce tana ɗaukar har 32GB. Abin da ya fi dacewa da yawancin mutane shi ne 16GB, guda biyu masu 8GB kowanne, domin guda biyu suna aiki a tare sun fi guda ɗaya mai 16GB sauri, musamman wajen hoto. Ƙarin ba wuya: a shiga BIOS, wato shafin saitin na'ura da ake shiga kafin Windows ta tashi, a kashe batirin ciki ta Config sannan Power, a zare na waje, a cire tiren layin waya in akwai, a kwance sukurori shida na murfin ƙasa, a ɓalle murfin a hankali da abu na roba. Wanda ya tsallake kashe batirin ciki yana iya haɗa wuta a bod da bakin sukundireba, kuma wannan asara ce mai tsada. Wurin ajiya kuwa akwai ɗan tarko. Gurbin inci biyu da rabi ne, wasu sun zo da wayar SATA, wasu da ɗan akwati da wayar da ke ɗaukar SSD siriri na NVMe. Wayoyin biyu ba sa musanya, don haka a leƙa ciki a ga wadda ke nan kafin a sayi SSD. Kada a karɓi mai tsohon faifai mai juyawa ko da an ce 1TB ne. SSD mai 256GB ya fi shi amfani nesa ba kusa ba.

Sai batir, wanda shi ne babban dalilin da ya sa wannan na'urar ta dace da Abuja. Mazaunin Maitama da ke layin da ake ba wuta awa ashirin ba zai damu ba, amma na Kubwa ko Lugbe ko Nyanya, ko mai tasowa daga Mararaba kullum, ya san darajar awa ɗaya ta caji. T480 batir biyu gare ta. Na ciki 24Wh ne (Wh ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa ne). Na waje ana zare shi da hannu ta baya, kuma iri uku ne: 24Wh, 48Wh da 72Wh, masu lamba 61, 61+ da 61++. Muddin na ciki yana da caji, ana iya zare na waje a sa wani na'urar tana kunne, aiki bai tsaya ba. T490 da T14 da suka biyo baya ba su da wannan.

Lissafin mai sauƙi ne. Aikin rubutu da intanet da haske matsakaici yana cin abin da bai wuce wat takwas zuwa goma ba. Na ciki da babban na waje sun haɗa 96Wh, wato awa tara ko fiye in sababbi ne. Amma yawancin waɗanda ke kan kanta ƙaramin ne a jikinsu, 24 da 24, kuma sun tsufa. Idan ƙarfinsu ya koma kashi 70 cikin ɗari, abin da ya rage wajen 34Wh ne, awa uku da rabi ke nan, ba "awa shida zuwa bakwai" da ake faɗa a bakin shago ba. Don haka tun a ciniki a sa kuɗin babban batir a lissafi. Babban yana turo ciki ta ƙasa, yana ɗaga bayan na'urar, yana ƙara mata nauyi a jaka, sai dai ɗagawar tana ba iska hanyar shiga. Jabun batir ya cika kasuwa: a rubuce 72Wh, a aikace ko rabi bai kai ba. A sa shi a na'urar a gwada a wurin.

Cajar ta USB-C ce mai wat 65, kuma wannan ya buɗe wata ƙofar. Fawa bank mai 20,000mAh wajen 74Wh yake ɗauka, kuma idan yana fitar da wat 45 ko 65 ta tsarin PD, wato tsarin caji mai ƙarfi na USB-C, zai caja ta. Irin na waya da ke fitar da bolt biyar kawai ba zai yi ba, sai wanda ke kaiwa bolt ashirin. Igiyar cajin ma da muhimmanci, domin ta gama-gari iyakarta wat 60.

Tana da nata raunin, kuma bai kamata a ɓoye ba. Sikirin ɗinta ba abin yabo ba ne. Akwai mai 1366 da 768, wanda launinsa ke juyewa da zarar an ɗan karkata kai, a guje shi ko da an yi ragi. Mai 1920 da 1080 na IPS ya fi, amma shi ma haskensa bai isa a yi aiki da shi a tsakar rana a waje ba, launinsa kuma bai cika ba, mai zanen da za a buga ba zai ji daɗinsa ba. Lasifikanta suna ƙasa, sautinsu siriri. Kyamarar 720p ce, ta taro kawai. Ɓangaren hotonta Intel UHD 620 ne: zai ɗauki Photoshop da CorelDRAW na yau da kullum, amma mai tace bidiyon 4K ko mai zanen gini mai nauyi ya nemi wata.

Aibin da ya fi haɗari shi ne na kafar Thunderbolt, ɗaya daga cikin kafofinta na USB-C. Tsohuwar manhajar da ke tafiyar da guntun kafar tana lalata shi a hankali, har kafar ta daina ganin abin da aka soka mata, wani lokaci caji ma ya rikice. Lenovo ta fitar da gyara tuntuni, amma ba kowace na'ura aka yi wa ba. Kafofin USB-C biyu ne a gefen hagu, kuma duka biyun suna karɓar caji. A soka caja a kowacce, a ɗan motsa kan wayar a ga ko cajin zai yanke, sannan a gwada filasha ko waya a kowacce. Kafofin a jikin bod aka like su, gyaransu sai ƙwararre mai aikin dalma. Ranar da aka kai ta gida, abu na farko shi ne a sauke Lenovo Vantage, manhajar Lenovo ta kula da na'ura, a sabunta BIOS da manhajar Thunderbolt, caja a jone, batir a cike, kada a yi lokacin da janareta ke tari.

Yanzu maganar kalmar "gyararriya" da ake kiran irin waɗannan laftof na hannu da ita. A inda aka san aikin, ana gwada kowane sashe, a share ciki, a canza abin da ya gaji, a raba su daraja-daraja. A kasuwarmu sau da yawa abin da aka yi bai wuce goge jiki da sa Windows da manna leda mai kama da fenti a murfi ba. Akwai shagunan kirki a Banex masu yin aikin tsakani da Allah, amma daga waje ba a gane su. Masu tare mutum tun daga bakin get suna tambayar me yake nema, yawancinsu 'yan kayi-nayi ne, ba su da shago, kuma in matsala ta taso ba inda za a same su. A shiga shago mai lamba da suna, a ce, "Alhaji, a taimaka min da kujera da soket, zan ɗan zauna da ita." Minti talatin zuwa arba'in ake bukata. Mai kaya mai kyau ba ya jin haushin wannan.

A fara da BIOS, ba da Windows ba, domin sunan furosesa da yawan RAM da Windows ke nunawa ana iya sauya su da dabara. A kunna a riƙa danna F1. Idan ta nemi kalmar sirri, ko ta shiga amma saitunan sun ƙi taɓuwa, to akwai makullin tsohon kamfani a kanta. A ajiye ta. A irin wannan zubin cire ƙaramin batirin agogo da ke kan bod ba ya goge makullin, kuma alkawarin "za mu cire maka" aiki ne a kan bod. A shafin farko za a ga furosesa da RAM da lambar siriyal. A gwama lambar da ta sitikar ƙasa. In sun saɓa, an canza bod ko murfi, sai mai shago ya yi bayani. Lambar ƙirar T480 da 20L5 ko 20L6 take farawa. In 20L7 ko 20L8 aka gani, T480s ce, siririyar 'yar'uwarta, mai batir ɗaya da ramin RAM ɗaya. Ita ma na'ura ce mai kyau, amma ba ita aka zo saye ba. A ƙarƙashin Security a duba Computrace ko Absolute. Idan yana kunne, tsohon mai ita yana iya kulle ta daga nesa.

Akwai wani makullin da ba ya nunawa sai daga baya. Wasu kamfanonin sun yi wa na'urorinsu rajista a tsarin Autopilot na Microsoft, kuma ba su cire su ba kafin su sayar. A shago tana aiki lafiya. Ranar da aka sake mata Windows aka haɗa da intanet, sai ta fito da sunan wani kamfani na Ingila ko Amurka tana neman imel ɗin ma'aikacinsa. Hanyar ganewa ita ce a sa sabuwar Windows a gaban mai shago, a haɗa da intanet ɗin waya lokacin saitin farko. Wannan yana da wata fa'idar: yawancinsu lasisin Windows Pro yana cikin bod tun daga masana'anta, za ta kunna kanta, ba a bukatar manhajar satar lasisi da ake cusawa, wadda ita kanta ƙofar ɓarayin bayanai ce. Filasha mai 8GB ta isa a zo da Windows ɗin daga gida.

Batir kuma, a buɗe Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport, a buɗe takardar da ta fitar. Ya kamata a ga batir biyu. In ɗaya ne kawai, to na cikin babu shi ko ya mutu, kuma akwai waɗanda tun asali ba a sa musu ba. A kowanne a gwama Design Capacity da Full Charge Capacity. Kashi 80 zuwa sama ya yi kyau, ƙasa da 60 kuɗin sabo ne, a cire shi daga farashi. A ɗora na'urar a kan tebur a duba ko wurin linzami ya ɗago ko murfin ƙasa ya yi tozo, alamar batir ya kumbura ke nan. CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce kuma tana tashi daga filasha, za ta nuna lafiyar SSD da awannin da ya yi yana aiki.

Sauran da ido da hannu ne. A cika sikirin da fari, sannan da baƙi, a nemi ɗigo ko farin tabo irin na dannewa. A buɗe Notepad a danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya. A shafa su da farce, domin na'urorin da suka fito daga Jamus ko Faransa jerin haruffansu daban ne, ana manna musu sitika, bayan wata biyu ta fara ɓarewa. Ga mai rubuta Hausa, Windows tana da kibod ɗin Hausa a saitin harshe mai ba da ƙ da ɗ da ɓ, kuma rubutu mai tsawo a kan maɓallan ThinkPad masu zurfi daɗi gare shi, nan kam ba ta da na biyu a wannan farashin. A gwada kyamara, makirfo, HDMI, kafar wayar intanet da ramin kati. A buɗe murfi da hannu ɗaya a saurari ƙara. In an naɗe ta da leda, a nemi a ɗaga gefe ɗaya, domin tsagewa ake rufewa da ita. A ƙarshe a kunna bidiyo a bar shi minti goma, a sa hannu a bakin fanka. Iska mai ɗumi daidai ne. Fanka mai kururuwa ba iska, ƙura ce ta toshe hanya.

Rasit ya ɗauki sunan shago, lambar siriyal, furosesa, RAM, SSD, da kwanakin garanti a rubuce, da abin da garantin ya ƙunsa. Na baki ba garanti ba ne. Siriyal ɗin a kan rasit shi ne kuma kariyar mai saye idan wata rana aka ce na'urar ta sata ce.

In ba a sami T480 mai lafiya ba, Dell Latitude 5490 da HP EliteBook 840 G5 sa'o'inta ne, duka masu ramin RAM biyu ne, kuma su ma a nemi masu zubi na takwas, domin akwai na bakwai a cikinsu. EliteBook jikin alminiyom gare ta, ta fi kyan gani a taro, lasifikanta sun fi, amma batirinta ɗaya ne a ciki. Latitude kayan gyaranta sun wadata, sai dai tana tantance caja ta wani siririn tsinke da ke tsakiyar kan wayar. In cajar jabu ce ko tsinken ya karye, za ta kunnu amma ta ƙi caji, ta kuma rage gudu da kanta, mutum ya zaci na'urar ce ta lalace. A Dell F2 ke shiga BIOS, a HP kuma F10.

Sabuwa tana da ranarta. Wanda kuɗinsa ya kai ya sayi mai Core i5 zubi na 12 ko 13, ko Ryzen 5 na kwanan nan, da RAM 16GB da garantin shekara daga dila na gaskiya, zai sami gudun da T480 ba za ta kamo ba. Na'urar 2018 ce, shekaru sun fara ja. Gasar da take ci ita ce tsakaninta da sabuwar da ke farashinta.

Bayan saye, zafin Abuja na watan Maris da ƙurar hunturu su ne abokan gabanta. Man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ya bushe tun tuni a yawancinsu. A sa mai gyara ya goge tsohon ya ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, ya busa fanka yana riƙe da ita da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da kima. A maimaita sharar bayan kowane hunturu. Kada a ɗora ta a kan katifa ko darduma tana aiki, ta ƙasa take shan iska. Mai barin ta a jone kullum a ofis ya shiga Vantage ya sa caji ya riƙa tsayawa a kashi 80, batir zai daɗe bai kumbura ba. In an tayar da ƙaramin janareta, a bari ya daidaita kafin a jona caja, a kuma zare ta kafin a kashe shi.